Shayi Uku

Shekara talatin da takwas ina ƙetare ruwa guda,
daga Uskudar zuwa Eminonu, a juyo, a sake komawa,
sau goma sha shida a yini, ranar salla ashirin.
Na sama suna kallon hasumiyoyi,
suna jefa wa tsuntsayen teku gutsuren burodi.
Ni ina can ƙasa da gwangwanin mai a hannu.
Istanbul ɗin da na sani ƙara ce da zafi
da wata 'yar taga da gishiri ya liƙe.

Kunnen hagu, injin ya cinye shi.
Ban kai ƙara ba. Ni ma na ci nasa.

Munevver takan ce tun ina bakin layi
take jin warin baƙin mai, ta ɗora tukunya.
Sabulu nawa ta ƙarar a wuyan rigata?
Ban taɓa tambaya ba, ga shi babu mai ba ni amsa.
Ranar da aka haifi Gulten muna tsakiyar ruwa,
aka kwarara mini ta bututu: Rifki, mace ce!
Na ɗauka an ce in rage wuta.
Na rage. Jirgi ya yi sanyi da mutum ɗari bakwai.
Kyaftin ya wanke ni tas,
sannan ya busa ƙaho sau uku don 'yata.

Mu uku ne.
Nevzat mai shayi, faranti a kan yatsu,
ko ruwa ya haukace ɗigo ba ya zuba.
Sai Sabri mai jefa igiya,
wadda ta karɓi yatsunsa biyu ranar da ƙanƙara ta sauka,
ya ce ai ta rage masa yankan farce.

Shekara huɗu ba ma ga maciji da Sabri
a kan lira ɗari biyu.
Jirgi ɗaya, kwano ɗaya, ido a gefe.
Nevzat ne ɗan aike:
gaya wa wancan ya miƙo gishiri,
gaya wa wancan hannunsa ba a ɗaure yake ba.
Da mahaifina ya rasu na isa maƙabarta da asuba,
na tarar da mutum cikin rami har ƙugu
yana haƙa da yatsu takwas.
Bai ɗago ba. Na karɓi shebur.
Maganar kuɗi a ramin nan muka bar ta.

Da na aje aiki aka ba ni agogo.
Me zan yi da shi? Ƙafata ta san lokaci.
Har yau ƙarfe biyar saura kwata take neman takalmi.

Jikana ya ce, Kaka, wace ƙasa ka je da jirginka?
Na ce kullum ina zuwa Turai in dawo kafin abinci ya huce.
Ya yi dariya, ya ɗauka ƙarya ce.

Yanzu duk Alhamis ni da Nevzat mukan hau sama,
mu zauna inda fasinja ke zama.
Ashe haka garin yake da kyau!
Hannunsa na rawa, ni nake riƙe masa kofi.
Yana zama ta damana don in ji shi,
ba ya faɗin komai sai tsadar tumatir.
Shayi uku muke saya.
Yaron da ke kawowa ya daina tambaya.

In mun kusa gaɓa nakan cire takalmi,
in ɗora tafin ƙafa a kan ƙarfe.
Injin na ƙasa yana tari kaɗan a ta hagu.
Wani yaro ne can, bai zuba mai da kyau ba.
Nevzat ya ce, zauna, Rifki,
ba naka ba ne kuma.
Sha na Sabri kafin ya huce.